Yaya, wayar nan ta Inna ce

Foggia, Italiya, 10 ga Mayu 2020

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Kristi. Yaya ƙafar Inna? A gaida mai ɗakinka da yara, da Kawu. Ni lafiyata ƙalau, kada wani ya tayar muku da hankali. Motocin sojan da kuka gani suna kwasar gawar waɗanda korona ta kashe, a Bergamo ne, can arewa. Mu muna kudu. 'Yan gona ba a hana mu fita ba, dashen tumatir muke. Aikin ya ɗan ja baya kwana biyu, amma ba a rasa na tuwo ba.

Na turo dubu 70 ta hannun mutumin nan na Sabon Gari. Dubu 45 na taki ne, ka saya tun ruwa bai sauka ba. Dubu 15 maganin Inna. Dubu 10 ɗin da ta rage ta data ce da cajin waya, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan.

An gaya mini, kada ka tambaye ni wa, wai wayar da na aiko wa Inna da Kirsimeti tana aljihun Auta, yana kallon fim a shagon caji na Sumaila. Ita kuwa kowace Lahadi tana jan ƙafa zuwa zauren katikis, a cunkushe, babu mai takunkumi. Haba Yaya! Tun da aka kulle Kano ranar 16 ga Afrilu nake jin labarin yadda tsofaffi ke ta mutuwa a birni, har masu haƙa kabari suna kokawa. Korona tsofaffi take nema. Ka karɓe wayar yau ɗin nan.

Nan ma an dakatar da Mas tun watan Maris. Tun 9 ga watan Paparoma Francis ke yin Mas kullum da ƙarfe 7 na safe a ƙaramin cocin Santa Marta, gidan da yake zaune, ana nunawa kai tsaye a YouTube. A wajenku ƙarfe 6 ke nan. Ranar da babu aiki nakan jingina wayata da gwangwanin madara, in shimfiɗa kwali, in durƙusa. Ɗan Senegal ɗin da muke ɗaki ɗaya, Musulmi ne, yana azumi, da ya ga na durƙusa sai ya kashe rediyonsa. In an zo wajen karɓar Jikin Kristi, akwai addu'ar da ake karantawa domin waɗanda ke gida. Ina bi, amma gaskiya baki a bushe ake tashi.

Ranar 27 ga Maris da yamma Paparoma ya fito shi kaɗai a dandalin Bitrus Mai Tsarki da ke Vatican, ana ruwa, filin nan wayam. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Jana'izar Baba na tuna, kuna can kuna ɗauke da shi, ni ina nan ina jiran hoto a waya. Ba zan iya wannan sau biyu ba.

Na san Inna za ta ce waya ba coci ba ce. Gaskiyarta, ba a furta zunubi ta waya. Amma ka gaya mata Paparoma da kansa ya yi Ista ranar 12 ga Afrilu a cocin da kusan babu kowa. In shi ya haƙura, ita ma ta haƙura. Italiyanci ba za ta ji ba, sai dai ta san inda ake tsayawa da inda ake durƙusawa fiye da ni da kai. Ka kuma duba Facebook ko za ka samu Fadan da ke yi da Hausa. A shimfiɗa mata tabarma gindin tsamiyar nan ta bayan rumbu, nan ne sabis ke kamawa. Baikonta kai za ka kai wa katikis, ba ita ba. Gidajen ta'aziyya ma kai za ka wakilce ta, kowa ya ce abin da zai ce.

An ce ranar 18 ga wata za a buɗe mana coci, da takunkumi da tazara. Zan sa a yi wa Baba Mas.

Auta kada ka dake shi, ka dai karɓe. In ya natsu zan duba masa tasa bayan tsinkar tumatir. Kuɗin taki kada a taɓa shi, ko Kawu ya zo da zancen rance. Lahadi mai zuwa ka turo mini hoton Inna da wayar a hannunta.

Ƙaninka