Amsa ga Hajiyar da ta tambaye ni: "Ina haƙƙin wanda aka zalunta?"

Assalamu alaikum Hajiya,

Makon jiya kika bugo waya cikin shirin rediyon da aka gayyace ni, saura minti biyu a rufe. Kika ce masu ƙwacen waya sun sari ƙanenki a hannu, an kama ɗaya, bayan kwana goma sai ga shi yana yawo a gari. Sannan kika ce: "Ku lauyoyi kullum wanda aka kama kuke karewa. Wannan gyaran dokokin da kuke yabo ba gata ba ne ga ɓarayi? Ina haƙƙin wanda aka zalunta?" Amsar da na ba ki a gurguje ni kaina ba ta gamsar da ni ba, balle ke. Allah ya ba ƙanenki lafiya, ya mayar masa da alheri.

Fushinki yana kan hanya. Sai dai ina so ki ga su waye a cikin kurkukun da ake cewa gyara zai rage. A duniya akwai fursunoni sama da miliyan 11, kuma kusan ɗaya cikin uku ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A Najeriya sun kai kashi biyu cikin uku, a Indiya kusan uku cikin huɗu. Cikinsu akwai mugaye, ban musa ba. Amma akwai wanda aka tsinta a samame, akwai wanda bashi ya kai shi, akwai wanda ya rasa mai tsaya masa.

Na taɓa zama da wani a ɗakin ganawa na wani gidan yari. Shekararsa huɗu a ciki kan zargin satar janareta. Ya ciro wata 'yar takarda daga cikin leda, ta yi laushi saboda ninkewa, a jiki an rubuta ranar da aka ce za a mayar da shi kotu. Ranar ta wuce da shekara uku da rabi. Ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, fayil ɗin kuma babu wanda ya san inda yake. Da an same shi da laifin tun farko, da tuni ya gama wa'adinsa ya koma gida. Abin da na fi son ki lura da shi kuwa, Hajiya, shi ne mai janaretan. Na neme shi. Ya ce sau shida ya je kotu ana ɗage zaman, ya gaji ya bar wa Allah. Janareta bai dawo ba, diyya babu, bai ma san mutumin yana tsare ba. Jinkirin da ya cinye shekarun wancan shi ne ya cinye haƙƙin wannan.

Wannan ciwon ne yawancin gyaran da ake yi yake son magancewa. A Indiya, tun 1979 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar Hussainara Khatoon cewa saurin shari'a haƙƙi ne, aka saki dubban mutanen da wasunsu sun zauna fiye da hukuncin laifin da ake zarginsu. A 2005 suka sa a doka cewa wanda ya kwashe rabin mafi tsawon wa'adin laifinsa yana jira, a ba da belinsa. Brazil ta fara a 2015 kai wanda aka kama gaban alƙali cikin awa 24. A shekarar ce Najeriya ta yi dokar gudanar da shari'ar laifuka, wadda ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan rigimar bashi, ta ce majistare ya riƙa leƙa caji ofis kowane wata, ta kuma iyakance ɗage zama zuwa sau biyar ga kowane ɓangare.

Batun beli shi ya fi ƙona miki rai, don haka bari in daɗe a kansa. Tsohon tsari tambaya ɗaya yake yi: kana da kuɗi ko mai tsaya maka? Mugu mai uwa a gindin murhu ya biya ya fita, talakan da ba ya cutar da kowa ya ruɓe a ciki. A birnin New York an kama wani yaro ɗan shekara 16, Kalief Browder, a 2010, kan zargin satar jakar goyo. Iyayensa suka kasa biyan kuɗin beli dala 3,000. Ya yi shekara uku a kurkukun Rikers, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, aka janye ƙarar ba tare da an yi shari'a ba, a 2015 ya kashe kansa. Jihar New Jersey ta Amurka ta sauya tsarinta a 2017: kuɗi ya kusa fita daga lissafi, alƙali yana duba ko mutum zai gudu ko zai cutar da wani, kuma an ba shi ikon hana beli gaba ɗaya idan haɗarin ya tabbata. Yawan masu jiran shari'a a kurkuku ya ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku. Jihar Illinois ta soke belin kuɗi baki ɗaya a 2023. Ki duba, a irin wannan tsarin wanda ya sari ƙanenki da makami ya fi kusa da zama a tsare, ko da aljihunsa cike yake.

Inda kike da gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne an bar wanda aka zalunta a baya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwa tun 1985 cewa a riƙa sanar da shi halin da ƙararsa take ciki, a saurare shi, a kare shi, a biya shi. Dokar Najeriya ta 2015 ma ta ba alƙali ikon umartar mai laifi ya biya diyya. Amma a kotuna da yawa da na shiga, mai ƙara yana zaune a bencin baya, ba wanda ya ce masa ci kanka, sai ya ji magatakarda ya kira wata rana. Mu lauyoyi muna da kasonmu a wannan laifin, domin wasunmu da gangan suke jan shari'a har shaidu su gaji. Kuma doka a takarda ba ta sayen man motar kai fursuna kotu, ba ta ƙara yawan alƙalai. Majistaren da aka ce ya leƙa caji ofis duk wata, a wurare da dama ba ya zuwa, kuma ba mai tambayarsa dalili.

Game da ƙanenki, beli bai wanke wanda aka kama ba, ƙarar tana nan da ranta. Ku nemi lambar ƙarar da ranar zama, ku san mai gabatar da ƙara ido da ido. Ku adana takardar asibiti da rasit ɗin magani, ku ɗauki hoton raunin, ku roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi diyya a gaban alƙali. Idan mutumin ko abokansa suka yi muku barazana ko da ta waya ce, ku kai rahoto a rubuce, domin wannan dalili ne da kotu za ta iya soke belinsa. Ranar zama kada ƙanenki ya fasa zuwa, ko sau nawa aka ɗage. Na bar saƙo a gidan rediyon, idan kin kira za su haɗa mu, in Allah ya yarda zan raka ku zama na gaba.

Wassalam,
ɗan'uwanki lauya