Jami'ar Ngaundare ta cancanci a ba ta fili

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci a kan Jami'ar Ngaundare, wadda jaridunmu na Hausa ba su cika ambata ba. Ta faro ne a matsayin cibiyar karatu mai zurfi a Dang, bayan gari, kafin garambawul ɗin da gwamnatin Kamaru ta yi a 1993 ya mai da ita cikakkiyar jami'a. Har zuwa 2008 da aka kafa ta Marwa, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a arewacin ƙasar nan, shi ya sa ɗalibai har daga Cadi suke tururuwa zuwa can.

Abin da ya fi burge ni shi ne makarantarta ta ENSAI, mai horar da injiniyoyin sarrafa amfanin gona, da ta likitocin dabbobi, domin Adamawa ta Kamaru, yankin da Ngaundare take, ƙasar shanu ce. Sai dai da Faransanci ake yawancin koyarwar, kuma a ganina binciken malamanta bai isa kunnen makiyayi da manomi ba. Ina fatan jaridarku za ta riƙa kawo mana shi cikin Hausa.

Naku,
Mai karatu daga Garwa