Ƙarin amfili ba hujja ba ce ta mayar da lasifikoki kan Large

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai albarka domin in yi magana a kan wata shawara da ta bazu tsakanin masu sayar da kayan sauti da masu haɗa su a nan Damagaram, wadda nake ganin tana jawo wa jama'a asarar kuɗi, tana kuma hana su jin daɗin abin da suka saya da guminsu. Shawarar ita ce, duk wanda yake da kayan kallo na gida masu lasifika biyar da wufa ɗaya (lasifikar da ke fitar da amo mai kauri zalla), wato tsarin da ake kira 5.1, sannan ya ƙaro amfili na waje, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, domin ya riƙa tura lasifikokin gaba, to wajibi ne ya shiga saitin risibarsa, wato na'urar da ke karɓar sauti tana rarraba wa lasifikoki, ya sauya girmansu daga Small (ƙarama) zuwa Large (babba), wai tunda yanzu ƙarfi ya samu. Ana faɗin haka a rumfunan kayan lantarki, ana faɗinsa a gidajen kallon ƙwallo na Zango da Sabon Gari, kuma galibin masu faɗin ba da mugun nufi suke yi ba. A matsayina na wanda haɗa irin waɗannan na'urori ne sana'arsa, ina ganin wannan shawara kuskure ce, kuma zan kawo dalilaina.

Da farko ya kamata mai karatu ya san aikin da wannan saiti yake yi, domin sunansa yana ruɗar mutane. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga kusan Hz 20, wato mafi kaurin amo, har zuwa kusan Hz 20,000, wato mafi siririnsa. Idan aka sa lasifika a kan Large, risiba za ta aika mata da dukkan wannan zango ba tare da ta rage komai ba. Idan kuma aka sa ta a kan Small, risiba za ta yanke kaurin da ke ƙasa da wata iyaka da mai gida ya zaɓa, ta karkatar da shi zuwa wufa, ta bar wa lasifikar sauran. Babu wani sauti da ake zubarwa, sauya masa hanya kawai ake yi. Ashe ke nan saitin ba ya tambayar tsawon akwatin lasifika ko tsadarta, abin da yake tambaya shi ne wace ce za ta ɗauki nauyin bes, wato amo mai kauri, a cikin ɗakin. Shi ya sa wasu kamfanoni, kamar Onkyo, suke rubuta Full Band da jerin lambobin iyaka a madadin waɗancan kalmomi biyu.

Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce Hz 80, wadda kamfanin THX na Amurka, da aka kafa a 1983, ya tsayar a matsayin ma'auni ga kayan kallo na gida. Ba da ka aka zaɓi wannan lamba ba. Daga nan zuwa ƙasa kunne yana shan wuya kafin ya gane daga wane ɓangare amo yake fitowa, saboda haka ana iya kwashe besin lasifikoki biyar a zuba wa wufa guda ba tare da mai sauraro ya ji kamar sautin ya taru a lungu ɗaya ba.

To mene ne amfili na waje yake sauyawa a cikin wannan tsari? Yana karɓar sigina ne daga ramukan Pre-Out na bayan risiba, kuma wannan sigina ta riga ta bi ta cikin saitin girma kafin ta fito, don haka duk abin da aka zaɓa a risiba shi ne amfilin zai ƙarfafa. Masu waccan shawara suna da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ba zan ɓoye ta ba: ɗaya daga cikin amfanin sa lasifika a kan Small shi ne rage wa risiba wahala, domin bes ya fi kowane ɓangaren sauti cin wuta, kuma risibar da ke ciyar da lasifika biyar ko bakwai daga taransifoma ɗaya tana saurin gajiya. Amfili na waje yana magance wannan. Amma wannan dalili ɗaya ne daga cikin uku, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Sauran biyun suna jikin lasifikar da kuma ɗakin da aka ajiye ta, kuma babu amfilin da ya isa ya taɓa su.

Dalili na biyu shi ne ita kanta lasifikar. Lasifika tana yin sauti ne ta hanyar tura iska da faifanta, yana gaba yana baya. Ƙa'idar da masana sauti suka tabbatar ita ce, duk lokacin da lambar Hz ta amo ta sauka da rabi, sai faifan ya ninka tafiyarsa sau huɗu kafin ya ba da ƙara daidai da ta farko. Faifan da ke motsin milimita 2 a kan Hz 80 zai buƙaci milimita 8 a kan Hz 40, sannan milimita 32 a kan Hz 20, kuma babu faifan inci shida da rabi, irin wanda ke cikin yawancin dogayen lasifikokin da ake kawo mana daga Kano ko Dubai, da zai iya wannan tafiya. Wufa mai faifan inci 12 kuwa faɗin faifanta ya kusa ninka na wancan sau huɗu, an ƙera ta domin doguwar tafiya, kuma tana da amfilinta na kanta a ciki. Ƙara wa jaki dusa ba zai sa ya ɗauki kayan raƙumi ba. Abin da amfili mai wat 200 zai yi wa lasifikar da aka sa a kan Large shi ne ya tura faifanta har ƙarshen iyakarsa da ƙarfin da risiba ba ta da shi a da, kuma daga nan ne koyil, wato naɗin wayar da ke motsa faifan, yake ƙonewa ko faifai ya yage. Hatsarin ya fi yawa ga lasifikoki masu rami a gaba ko a baya, domin a ƙasa da amon da aka daidaita ramin a kansa iskar cikin akwati ba ta riƙe faifan, sai ya yi ta kaɗawa a banza babu sautin kirki.

Tun kafin a kai ga lalacewa ma akwai asarar da kunne yake ji. Faifan da ke fama da rugugin fashewar bam a cikin fim, a lasifikoki da yawa, shi ne kuma yake ɗauke da muryar masu magana, kuma idan yana wannan doguwar tafiya sai muryar ta dusashe, ta yi kamar ana magana a bayan labule. Da yawa daga masu kukan cewa ba sa jin maganar ƴan wasa sai sun ƙara murya, matsalarsu a nan take. Idan aka sauke wa lasifikar wannan kaya, ƙarfin amfilin da aka saya da tsada sai ya tafi inda ake bukatarsa, wato ga murya da kiɗa. Yana da kyau kuma a san cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, wanda ƙari ne kaɗan a kunne, don haka kada wani ya zaci sauya risiba mai wat 100 da amfili mai wat 200 ya sauya ɗabi'ar lasifikarsa.

Dalili na uku shi ne ɗaki, kuma a ganina shi ya fi shafarmu. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka tsawon igiyar amon Hz 80 ya ɗan haura mita huɗu, na Hz 40 kuwa ya haura mita takwas, wato ya fi tsawon falon mafi yawanmu. Irin wannan amo yana dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda ke tafe, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. A falo mai tsawon mita biyar da faɗin mita huɗu, hakan yana fara faruwa a wajen Hz 34 da Hz 43. Ginin bulo da siminti da daɓen tayil, har ma da kaurin bangon laka irin na tsofaffin gidajen Birni, ba sa barin bes ya fice, mayar da shi ciki suke yi, shi ya sa za ka ga wanda ke zaune a jikin bango yana cewa bes ya yi yawa, na tsakiyar ɗaki kuma yana cewa babu shi. Lasifikokin gaba dole ne su tsaya a dama da hagun talabijin, ba don nan ne wurin da ya fi dacewa da bes ba. Wufa kuwa ana iya kai ta duk inda ta fi daɗi. Hanyar gano wurin ba ta bukatar ko dala: a ɗora wufar a kan kujerar da aka saba zama, a kunna kiɗa mai bes, a bi jikin bango a durƙushe ana saurare, inda aka ji amon ya fito sumul ba tare da gurnani ba nan ne mazauninta. Wanda ya sa lasifikokin gaba a kan Large ya hana kansa wannan dama, domin besin dama da hagu ba zai ƙara zuwa ga wufa ba, sai besin sauran lasifikokin da ke kan Small da abin da ke cikin tasharta ta musamman, wadda ake kira LFE, ita ce ɗigo ɗaya da ke cikin 5.1. Idan kuwa abin da ake kallo sitiriyo ne, wato sautin dama da hagu kaɗai, kamar yawancin tashoshin tauraron ɗan Adam da waƙoƙin da ke cikin waya, wufar da aka kashe wa kuɗi za ta yi shiru gaba ɗaya.

A nan ne masu haɗawa suke ƙara wani kuskuren a kan na farko. Da mai gida ya yi ƙorafin cewa wufa ba ta aiki, sai su kunna abin da Denon da Marantz suke kira LFE+Main, Onkyo ke kira Double Bass, Yamaha kuma Extra Bass, wanda ke aika bes guda zuwa lasifikokin gaba da wufa a lokaci ɗaya. Ƙara tana ƙaruwa, ƙofar ƙarfe da taga da kwanon rufi su kama rawa, mai gida ya yi murna a ranar farko, amma abin da yake ji ba shi ne abin da aka naɗa ba, kuma maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba su shi ne zai kwana da shi.

Akwai kuma batun zafi da wuta, wanda littattafan da ke zuwa da na'urorin ba su rubuta shi domin mu ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta riga ta toshe ramukan shan iskar na'urori. Amfilin da aka ɗora wa bes mai nauyi ya fi yin zafi, ya fi jan wuta, kuma wanda ke kallo da batir da hasken rana ko da ƙaramin janareto zai ga bambancin.

Wani zai ce ai na'urar da kanta ta zaɓi Large lokacin da aka yi awon ɗaki da makirufo. Haka ne, tsarin awo irin su Audyssey na Denon da Marantz, da YPAO na Yamaha, da MCACC na Pioneer sukan yi haka, musamman idan lasifika tana kusa da bango ko a lungu, inda ɗaki yake kumbura besinta har makirufo ya ɗauka tana sauka ƙasa sosai. Awon yana nuna abin da lasifikar ta iya a ƙaramar murya, ba ya nuna abin da za ta jure idan an buɗe ta. Mai gida yana da damar ya mayar da ita Small bayan an gama, ba tare da ya ɓata sauran awon ba. Ƙa'idar da za a kiyaye ita ce, ana iya ɗaga iyaka sama da wadda na'ura ta gano, amma kada a saukar da ita ƙasa da haka. Haka kuma duk wanda ya ƙaro amfili ya sake yin awon daga farko, domin ƙarfin da sabon amfilin yake ƙara wa sigina ba lalle ya zo daidai da na risiba ba, kuma idan ba a daidaita ba lasifikokin gaba za su danne ta tsakiya da na baya.

Shawarata ga mai dogayen lasifikoki ita ce ya fara da Small a kan Hz 80, ya saurara na ƴan kwanaki, sannan ya gwada 60 idan lasifikokin nasa masu manyan faifai ne, ya tsaya a kan wanda kunnensa ya fi yarda da shi. Masu ƙananan lasifikoki irin waɗanda ake maƙalawa a bango su hau zuwa 100 ko 120, su kuma ajiye wufar a gaba kusa da talabijin, domin a wannan mataki kunne ya fara gane inda take. Maɓallin yanke amo da ke bayan wufar a murɗa shi har ƙarshe, ko a sa waya a ramin da aka rubuta LFE, domin kada a yanke sautin sau biyu. Wanda ba shi da wufa ko kaɗan shi ne Large ya dace da lasifikokinsa na gaba, kuma yawancin risibobi da kansu suke tilasta hakan da zarar an gaya musu babu wufa, sai dai ya bar ta tsakiya da na baya a kan Small domin besinsu ya koma gaba. Mai son jin kiɗa da lasifika biyu zalla kuma ba ya bukatar taɓa wannan saiti, domin a risibobi da yawa maɓallin Direct ko Pure Direct yana tsallake shi ya ba lasifikokin cikakken sauti, idan ya koma kallon fim kuma tsarin ya dawo yadda yake.

Ina kira ga ƴan'uwana masu wannan sana'a da su riƙa zama da mai gida suna kunna masa yanki ɗaya na fim a kan saitin biyu, da murya daidai wa daida, kafin su karɓi kuɗin aikinsu, domin ya zaɓa da kunnensa. Ina kuma roƙon Edita, idan da hali, ya buɗe wani ɗan shafi na tambaya da amsa a kan kayan lantarki na gida, domin masu saye suna ƙaruwa, littattafan da ke zuwa da kayan kuma da Faransanci ko Ingilishi ko Sinanci aka rubuta su.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku mai karatu,
daga unguwar Birni, Damagaram, Jamhuriyar Nijar