Sanarwa kan nimoniya a wannan hunturun

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙurar hunturu ta sauko Daura, ga hayaƙin itacen girki, kuma yara masu nimoniya sun fara yawa a asibiti.

Ƙwayar bakteriyar da ta fi jawo wannan ciwon huhu, numokokas, tana zaune lafiya a hanci da maƙogwaro. Mura da ƙura ne ke raunana ƙananan gashin da ke share majina daga hanyar iska, sai ta gangara huhu. Tana sanye da kwasfa mai santsi, ƙwayoyin garkuwar da ke gadin jakunkunan iska su kasa haɗiye ta, ga dafin da take saki yana huda bangonsu. Fararen ƙwayoyin jini su taso gayya, ruwa da mugunya su cika wurin da iska ya kamata ta shiga. Shi ya sa yaro ke haki.

Don Allah ku ƙirga numfashi na minti ɗaya yaro yana natse: 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Ya kai haka, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, a tafi asibiti yau. In an ba da amoksisilin a shanye duka. Rigakafin PCV kuwa, allurar kariya daga numokokas, ana yi wa jariri a sati 6, 10 da 14 da haihuwa.