Wasiƙar Makaranta: Kayan da Aka Yarda a Haɗa Mutum-mutumin Gasa da Su

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon ɗalibai,

Muna fatan kuna lafiya tare da iyali. Wasiƙar wannan karon ta ƙungiyar yaranmu ce masu haɗa mutum-mutumi, waɗanda ke shirin shiga gasar FIRST LEGO League, wadda aka soma tun 1998. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami: kayan da dokar gasar ta yarda a yi aiki da su.

Makon jiya wata ɗaliba ta dawo da hannun mutum-mutumin rukuninsu daga gida, fuskarta cike da murna. Kwana da kwanaki hannun yana ɓallewa duk sanda ya ɗaga kaya, ga shi yanzu ya tsaya ƙyam. Da na juya shi sai na ga ƙyallin gam a mahaɗar. Babanta ne ya tausaya mata ya ɗiga. Na san ƙauna ce ta sa shi, kuma na gode masa. Amma dole muka ajiye ɓangarorin uku da gam ɗin ya taɓa, yaran suka sake ginin daga tushe.

Dalili kuwa, dokar ta ce komai na jikin mutum-mutumin ya zama na LEGO, wato kamfanin da ke yin ƙananan bulon roba na wasan yara da ake harhaɗawa, a yadda ya fito daga masana'anta. Babu gam, babu fenti, babu salatif, babu fiƙewa da wuƙa. Zare da siririn tiyo na LEGO ne aka yarda a yanka daidai tsawon da ake so. Ko robar ɗauri, in ba ta kamfanin ba ce, ba ta shiga, duk da a ido ba ka raba su. Ƙananan injunan da ke juya tayoyi da hannuwa kuma ba sa wuce 4 a wasa guda, wanda minti biyu da rabi ne kacal.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne kowace gasa da dokarta. Yaro zai ga bidiyo a intanet ana yanka ƙarfe ana lanƙwasawa, ya zo ya ce, "Malam, ai an yarda." E, an yarda, amma a gasar VEX V5, inda ake gini da ƙarfe, mutum-mutumin kuma bai wuce inci 18 ta kowane gefe a farkon wasa. Dokar can ba ta aiki a nan. Hatta a gasa ɗaya, masu shiryawa kan fitar da gyare-gyare a tsakiyar kakar gasa, kuma sabon gyara shi ke sama da abin da ke cikin littafin dokoki.

To, idan doka ta zo da harshen damo fa? Abin da nake koya musu shi ne su buɗe littafin bana, ba na bara ba, su karanta kalmomin yadda suke, kada su cusa musu abin da suke so su ji. In shakka ta rage, mu rubuta wa masu shirya gasar, mu adana amsar. Na fi son hakan da yaro ya tsaya gaban alƙalai ranar gasa ana ce masa ya cire abin da ya yi wata biyu yana haɗawa. Ni dai zuciyata ba za ta ɗauki wannan ba.

Roƙona gare ku: kada ku sayi wani kaya ko ku gyara komai sai kun tuntuɓe mu. In abu ya ɓalle a gida, ku tambayi yaron me ya sa, ku bar shi ya nemo dabarar ƙarfafa mahaɗar da kansa. Rukunin ɗalibar nan sun ƙara sanda ɗaya a karkace da fil biyu, hannun bai sake faɗuwa ba.

Mun saka kwafin dokokin bana a jakar kowane ɗan ƙungiya. Don Allah ku duba tare da su, duk inda ya shige muku duhu ku ja layi a ƙarƙashinsa ku aiko mana.

Naku,
Malami mai kula da ƙungiyar