A Daina Raina Kemistiri, Shi Ya Haifi Sikirin Ɗin Da Ke Hannunmu

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Ni malamin kemistiri ne a wata sakandare nan Birnin Kebbi, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne yadda duk shekara in JAMB ta fito, yaron da bai samu likitanci ba anka ba shi kemistiri a jami'a sai ka ga gidansu an yi jugum, iyaye na cewa "to shi wanga karatu mi za ya ci da shi?" Wallahi abin na ci min rai, don wayar da suke riƙe suna wannan ƙorafin, in mai sikirin OLED ce (irin sikirin ɗin da sinadarai ke ba da haskensa), aikin masanin kemistiri ce.

Sunansa Ching Tang, an haife shi a Hong Kong a 1947, ya yi digirin farko a Kanada, ya yi dakta a jami'ar Cornell ta Amurka, a 1975 ya kama aiki a kamfanin Kodak, wancan dai na fim ɗin hoto. Kafin shi an san wasu sinadarai masu tushen kabon na iya ba da haske in an sa musu lantarki, Martin Pope ya nuna haka a New York tun 1963, amma sai an ɗura ɗaruruwan bolt, wa zai sa wannan a aljihu? Tang ma ba haske ya fara nema ba, a kan yin sola da irin waɗannan sinadarai yake aiki, daga nan ne hanya ta ɓulle. A 1987 shi da Steven Van Slyke sunka fitar da sakamako: shimfiɗa biyu na sinadari, sun fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa, an matse su tsakanin mahaɗan wuta biyu, caji mai ragi ya shigo ta nan, mai ƙari ya shigo ta can, inda sunka haɗu sai haske ya tashi, kuma da ƙasa da bolt 10. Shi ya sa a sikirin ɗin OLED kowane ɗigo da kansa yake haske, babu fitila a baya irin ta sikirin ɗin LCD da ya riga shi, wurin da ke baƙi a kashe yake ɗungurungum, batir ya huta, kuma tunda abin siriri ne har ana iya naɗe waya yanzu.

Amma Edita, duba lissafin shekarun nan, nan ne zancena yake. Shekara 12 daga kama aikinsa zuwa wancan sakamakon, sai wata 10 kafin kamfanin Pioneer ya sa OLED a sikirin ɗin rediyon mota a 1997, talabijin ta farko ta Sony mai inci 11 sai 2007, Apple ma sai 2017 ta sa shi a iPhone X. Duk tsawon lokacin nan akwai masu biyan albashi da kuɗin sinadarai ba su ce ina riba ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, su Richard Friend a Cambridge sun yi nasu da sinadarin roba a 1990, su Forrest da Thompson a 1998 sun gano yadda kusan duk cajin zai koma haske maimakon kashi ɗaya cikin huɗu, Chihaya Adachi na Japan a 2012 ya nuna za a iya haka ba tare da ƙarfe mai tsada irin iridiyam ba. Har yau launin shuɗi shi ya fi saurin mutuwa, ana nan ana fama, wato akwai sauran aiki ga masu tasowa.

Mu kuma ɗalibanmu da yawa sai ana gab da WAEC suke fara taɓa biret da fifet (bututun gilashi na awon ruwan sinadari), wasu ma a allo kawai sunka gan su, yaro mai kai tsaf amma bai taɓa haɗa komai da hannunsa ba, ta ina son bincike zai shiga ransa?

Don haka ina roƙon gwamnatin jiha da TETFund da masu hali na Argungu da Yauri da Zuru da Jega, a ware kuɗi na shekaru, ba na rana ɗaya ba, don kayan ɗakin gwaji a sakandare da kuma jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi, har da sola don wuta ta tsaya. Ku kuma dan Allah ku buɗe shafin kimiyya ko sau ɗaya a mako, ku riƙa tattaunawa da malaman kemistiri da fiziks namu, iyaye su ji daga bakinsu.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Malamin kemistiri,
Birnin Kebbi.