A saurari waƙa kafin a saka ta a filin wasan jami'ar Kirista

Ya Edita,

Ina gaishe ka da aiki, ina kuma roƙon fili in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta taso tsakanin iyayen yara a cocinmu nan Damagaram, wato ko ya dace jami'ar Kirista ta bari a saka waƙoƙin duniya a ranar wasannin ɗalibai.

Ɗiyata tana karatu a wata jami'ar mishan a Najeriya, kuma bara na je kallon wasan ƙarshe na ƙwallon ƙafa tsakanin sassan makarantar. An buɗe taro da addu'a, kowa ya sunkuyar da kai, amma ana zuwa hutun rabin lokaci sai yaron da ke kula da lasifika ya saki wata waƙa wadda baitinta na biyu batsa ce tsagwaronta. Wata dattijuwa da ke zaune kusa da ni ta jawo kan jikarta ta toshe mata kunnuwa da gefen mayafi. Da na dawo gida na ba da labari, sai wasu dattawa suka ce maganin abin shi ne a hana duk waƙar da ba ta yabon Allah ba. Ni ne na sha kunyar a wurin, amma ban goyi bayansu ba.

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa na Langa-Langa da ke nan Damagaram ya san abin da kiɗa yake yi wa ɗan wasa. Makaɗi ya kira sunan ɗan kokowa da garinsu da mazajen da ya kayar, jikinsa ya ɗauki tsuma, 'yan kallo su miƙe tsaye. Tun 1975 da aka fara gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, a Tawa ba a raba kokowa da ganga ba, kuma mu Kiristocin garin nan, da 'yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka fara zama cikinmu a 1924, muna kallo tare da maƙwabtanmu Musulmi ba tare da zuciyarmu ta zarge mu ba, in ban da lokacin da zambo ya wuce gona da iri. Matan Isra'ila ma da suka tari Sarki Saul da kiɗa da rawa bayan Dawuda ya kashe Goliyat, kirarin jarumi suka yi wa Dawuda.

Akwai kuma abin da dattawan namu ba su hango ba. Idan aka ce waƙar sujada kaɗai za a saka, to ita ce za ta tashi duk lokacin da ƙwallo ta shiga raga, ana ihu ana yi wa mai tsaron gida ba'a. Yaron da aka ci zai ji kamar Allah ya koma ɓangaren abokan hamayyarsa, waƙar da muke rerawa a gaban gawar iyayenmu kuma ta zama ta tsokana. Wannan ya fi damuna ƙwarai.

Abin da nake roƙon shugabannin irin waɗannan jami'o'i shi ne, kwana biyu kafin wasa, faston makaranta da malamin wasanni da wakilan ɗalibai su zauna su saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe, tare da wanda yake jin harshen da aka rera ta, domin sau da yawa batsar a cikin karin maganar matasa take ɓuya. Wadda ta ci mutuncin mace, ko ta yabi maye da kuɗin haram, a cire ta. Sauran a miƙa wa mai lasifika a rubuce, kada ya ƙara ko ɗaya daga wayarsa.

Naka,
Wani mahaifi daga unguwar Zango, Damagaram